Samfuri, Mazubi da Ɓawo: Nazarin Ƙera Gangar Ƙaramin Jirgi Mai Saukar Ungulu da Zaren Gilashi

Daga cikin masu sha'awar ƙananan jiragen sama da ake sarrafawa daga ƙasa da na'urar rediyo, akwai wani rukuni da ganin jirgi ya tashi kawai ba ya ishe su. Burinsu shi ne ƙaramin jirgin ya fito da kamannin wani takamaiman jirgi mai saukar ungulu na gaske, tun daga lanƙwasar hancinsa har zuwa jerin ƙusoshin da ke bakin ƙofarsa. Wasu sukan sayi gangar jirgin a shirye daga kamfanoni irin su Vario na ƙasar Jamus ko Hirobo na Japan. Wasu kuwa, waɗanda su ne abin nazarinmu, da hannunsu suke ƙera gangar tun daga tushe. Hanyar da ta fi karɓuwa a wurinsu ita ce ta mazubin zaren gilashi, kuma ita za mu bi daki-daki, domin mu gano inda ainihin aikin yake, da dalilin da zai sa mutum ya yarda ya ƙera siffa guda har sau uku kafin ya sami wadda za ta tashi sama.

Ya kamata mu fara tsayar da ma'anar kalmomin da za mu riƙa maimaitawa. Ƙaramin jirgi irin wannan kashi biyu ne. Akwai kayan ciki, wato firam da inji ko motar lantarki, da giyoyi, da sandar da ke juya babbar farfela, da na'urorin da ke karɓar umarni daga rimot. Waɗannan su kaɗai sun isa su tashi. Sai kuma ganga, wadda ke rufe kayan cikin ta ba jirgin kamanninsa. Zaren gilashi kuwa gilashi ne da aka narkar aka ja shi ya zama siraran zaruruwa, kowane kaurinsa wajen kashi ɗaya cikin ɗari na milimita, sannan aka saƙa su suka zama yadi. Kamfanin Owens-Corning na Amurka, wanda aka kafa a 1938, shi ya yawaita shi a kasuwa. Rezin wani ruwa ne mai yauƙi da ke daskarewa ya yi tauri idan aka gauraya shi da sinadarin da ke tayar da shi. Yadin shi kaɗai ba ya tsayuwa, rezin shi kaɗai kuma yana da saurin tsagewa, amma idan aka jiƙa yadin da rezin suka daskare tare, sai a sami abu mai ƙarfi marar nauyi, zaren na ɗaukar ja, rezin na riƙe siffa. A wannan aiki abubuwa uku ake ƙerawa bi da bi. Na farko samfuri, wato cikakkiyar siffar jirgin da ake sassaƙawa da hannu, wadda ba za ta taɓa tashi ba. Na biyu mazubi, wato kwarmin da ake ɗauka daga jikin samfuri, kamar dai mazubin mai buga bulo, sai dai wannan yana ɗauke da kowane ɗigo da kowane layi a juye. Na uku ɓawo, wato siririyar gangar da ake shimfiɗawa a cikin mazubi a ciro, kuma shi kaɗai ne ke hawa kan kayan ciki.

Wani zai zaci ƙawata jirgi da ganga abu ne da ya zo daga baya, bayan an gama koyon tashi. Tarihin abin ya nuna akasin haka. A 1968 aka yi gasar ƙananan jirage masu saukar ungulu a garin Harsewinkel na Jamus, inda tashin 'yan daƙiƙoƙi ma ya ishi injiniya Dieter Schlüter ya zama zakara. A 1970 shi wannan mutum ya tashi jirgin da ya yi sama da minti 27 a sararin sama, kuma jirgin kwaikwayo ne na Bell Huey Cobra na sojojin Amurka. Da aka fara sayar da shi a kwali don masu sha'awa su haɗa da kansu, da gangar zaren gilashi ya zo. Haka Jet Ranger na kamfanin Kavan da Bell 212 na kamfanin Graupner, waɗanda suka biyo baya a farkon shekarun 1970. Sai a tsakiyar waɗannan shekaru, da fitowar jirage irin su Heli-Baby, tsarin ƙaramar hula a gaba da sanda tsirara a baya ya fara rinjaye, saboda ya fi arha kuma ya fi sauƙin gyara idan an faɗi. Daga nan hanya ta rabu. Kayan ciki suka zama abin da masana'antu ke bugawa da yawa a kan girma sanannu, ganga kuma ta zama fagen mai haƙuri.

Wannan rabuwa ita ta sa mai ƙera ganga a yau yakan fara lissafinsa daga kayan ciki. Ma'auni, a wannan fage, shi ne rabon da ke tsakanin tsawon ƙaramin jirgi da na babba. Idan an ce 1:6, kowace santimita a jikin ƙarami tana wakiltar santimita 6 a jikin babba. Ana kasa kayan ciki aji-aji da lambobi irin su 450 da 600 da 700, kuma a ajin 700 tsawon reshen farfela guda yakan kai wajen milimita 700, da'irar da farfelar ke zanawa kuma ta kai kusan mita 1.6. Farfelar Bell 206 JetRanger na gaske faɗinta mita 10.16 ne, don haka a kan waɗannan kayan ciki ma'auninsa zai faɗo kusa da 1:6. Ta Bell UH-1H, wanda aka fi sani da Huey, mita 14.63 ce, sai ma'auninsa ya koma wajen 1:9. Abin lura shi ne tsawo da faɗin fili da nauyi ba sa raguwa tare. A ma'aunin 1:6 tsawo yana raguwa sau 6, faɗin fatar jirgi sau 36, girman cikinsa kuma sau 216. JetRanger cike da kaya yana kai kilo 1,451. Idan aka raba da 216 za a sami ƙasa kaɗan da kilo 7. Wannan adadi yana ba maƙeri iyakar da zai yi aiki a cikinta, kuma kayan ciki da batura sun riga sun cinye mafi yawanta kafin a taɓa rezin. Sau da yawa ma firam ɗin kan fi cikin gangar faɗi a wani wuri, sai maƙeri ya ƙara wa jirgin 'yan milimitoci a ɓoye. A ganinmu wannan ba laifi ba ne matuƙar an baza ƙarin a tsawon jiki yadda ido ba zai kama shi ba.

Ta fuskar wahalar mazubi, jiragen da ake kwaikwaya sun kasu uku. Akwai masu jiki mulmulalle irin Hughes 500, wanda ke rabuwa gida biyu cikin sauƙi, kuma da shi ya kamata mai koyo ya fara. Akwai masu wutsiyar ƙarafa a buɗe irin Bell 47 da Lama na Faransa, waɗanda aikinsu ya fi karkata ga walda da haɗa bututu, mazubi ba shi da babban rabo a cikinsu. Sannan akwai masu lungu da saƙo: Huey, wanda farfelar wutsiyarsa ke can saman jela har sai an karkatar da juyin inji ta giya, Bell 222, wanda shirin talabijin na Airwolf ya yi wa suna tun 1984, mai ƙananan fukafukai a gefe da ƙafafun da ke shigewa ciki, da EC135, wanda farfelar wutsiyarsa ke cikin rami zagayayye a jikin jela. Kowane lungu a cikin waɗannan yana nufin ƙarin yanki a mazubi.

Samfuri shi ne inda mafi yawan lokaci ke tafiya, kuma nan ya kamata mu daɗe. Maƙeri yakan nemi zanen jirgin ta fuska uku, wato gefe da sama da gaba, tare da zanen yanka-yankan jikinsa a wurare daban-daban, da hotuna masu yawa na jirgi guda takamaimai, domin jirage biyu masu suna ɗaya sukan bambanta a taga ko eriya. Inda zane ya yi ƙaranci, wasu sukan sayi ƙaramin jirgin roba na ado mai ma'aunin 1:32, su yanka shi gunduwa-gunduwa su auna. Haɗarin wannan dabara a fili yake: kuskuren milimita ɗaya a 1:32 yana komawa fiye da milimita biyar a 1:6. Daga zanen ake yanka haƙarƙarin katako na filawud, a jera su a kan ƙashin baya madaidaici, a cike tsakaninsu da tubalan soso mai tauri na folistirin, irin wanda ake sa wa bango don tare sanyi. Sai a sassaƙe soson da wuƙa da samfefa har a iso gefen haƙarƙarin, waɗanda su ne ke gaya wa hannu inda zai tsaya. Bayan haka a lulluɓe siffar da yadin gilashi da rezin don ta yi fata mai tauri, a shafa fila irin ta masu gyaran jikin mota, a goge, a fesa firaima, wato fentin share fage, a sake gogewa. A 'yan shekarun nan wasu na buga samfuri da na'urar da ke gina abu hawa-hawa daga zanen kwamfuta, amma ko su ba su tsira daga fila da samfefa ba, domin layukan hawan suna fitowa a jiki.

Akwai wata dabara a wannan mataki da ta cancanci a dube ta kusa. Bayan firaima ta bushe, maƙeri yakan yi wa samfurin feshin baƙin fenti sama-sama, kamar an yayyafa masa toka. Sai ya naɗe samfefa a jikin katako shimfiɗaɗɗe ya goga a karkace, hagu da dama. Duk inda fatar take daidai, baƙin zai tafi. Inda ya rage, to akwai kwari a wurin, ko da yatsa bai ji shi ba; inda kuma launin fila ya leƙo ta ƙarƙashin firaima, akwai tudu. Ya cike kwarin, ya sake fesawa, ya sake gogewa, har sai baƙin ya tafi baki ɗaya a shara guda. Daga nan ya koma samfefar ruwa, daga lamba 400 yana hawa har 1500 ko 2000, sannan ya goge da man ƙyalli. Dalilin wannan naci shi ne mazubi ba ya gyara komai. Ƙarzanen da aka bari a samfuri zai zama tudu a mazubi, ya sake zama ƙarzane a kowane ɓawo da aka ciro. Gyaran da aka yi sau ɗaya a samfuri kuwa ya hutar da mutum daga maimaita shi a kowane kwafi.

Layukan da ke nuna mahaɗar faranti da bakin ƙofa ana yin su ne da siririn tef: a liƙa shi inda layin zai bi, a fesa firaima a kai sau biyu ko uku, a ɓare tef ɗin, sai ya bar kwari siriri mai kaifin baki. Ƙusoshin ribit kuwa, waɗanda ke ɗinke fatar jirgin gaske, ana kwaikwayonsu da ɗigon farin gam daga bakin sirinji, ɗaya bayan ɗaya, kuma a jirgi irin Huey sukan kai dubbai. A nan maƙera sun rabu. Wasu na ɗiga su a samfuri don su fito a kowane ɓawo. Wasu na jira sai ɓawo ya fito an haɗe shi. Mu mun fi karkata ga ra'ayi na biyu a duk wurin da ke kusa da mahaɗar rabin ɓawo biyu, saboda gogar da ake yi wa mahaɗar za ta share su ko ta yaya, kuma ƙananan ramukan da suke bari a mazubi suna riƙe iska, ɓawo ya fito da kawunan ƙusa a fashe.

Yanzu mun iso shawarar da ta fi kowace nauyi a aikin, wato layin rabuwa. Layin rabuwa shi ne iyakar da yankunan mazubi ke haɗuwa a kanta. Mazubi abu ne mai tauri, ba ya miƙewa, don haka kowane yanki dole ya iya zamewa daga jikin samfuri ta fuska guda ba tare da wani abu ya tare shi ba. Duk inda siffa ta kumbura sannan ta tsuke a bayan fuskar cirewa, wannan wuri shi muke kira maƙale, kuma mazubin da ya rufe maƙale ya kulle samfurinsa, sai an fasa ɗaya daga cikinsu. Shi ya sa layin ke bin wuri mafi faɗi a jikin siffa. A yawancin jirage wannan na nufin a raba ganga hagu da dama, daga hanci ta bisa rufi zuwa jela, ta dawo ta ƙarƙashin ciki. Amma ramin shigar iska a gefen inji, da murfin giya a kan rufi, da ƙananan fukafukan wutsiya, duk maƙalai ne idan aka dube su daga gefe. Hanya biyu ce: ko a ƙara wa mazubi yanki na uku da na huɗu, ko a cire waɗannan sassa daga samfuri a yi musu nasu ƙananan mazubai a liƙa daga baya. Akwai kuma wata tambaya da ake amsawa a lokaci guda, wato ta ina kayan ciki za su shiga, ta ina kuma hannu zai kai ga batir kafin kowane tashi. Gwanin maƙeri yakan sa wannan buɗi ya faɗo a kan layin ƙofa ko murfi na jirgin gaske, yadda yankan zai ɓace a cikin abin da ido ke sa ran gani. Wanda bai yi wannan tunani ba sai bayan ɓawo ya fito, zarto zai ɗauka ya yanka inda babu layi.

Idan an tsayar da layin, sai a yanka allo mai rami daidai siffar samfuri, a nutsar da samfurin a ciki har rabinsa, a toshe ratar da ke tsakaninsu da yumɓun roba, a share shi da kaifin reza ya zama daidai da fuskar allo. A kan allon ake liƙa 'yan ƙananan dunƙule rabin ƙwallo, waɗanda za su bar gurabe a leɓen mazubi don yankunan su riƙa komawa mazauninsu ba tare da gocewa ba. Sannan a shafa abin rabuwa. Na farko kaki ne na musamman, galibi mai ɗauke da kakin karnauba da ake samu daga ganyen wata bishiya ta dangin giginya a Brazil. A shafa, a bari ya sha iska, a goge, a maimaita sau da dama. Na biyu wani ruwa ne da ake kira PVA, wanda ke bushewa ya zama fata siririya mai narkewa a ruwa. Sabon samfuri da sabon mazubi sun fi kowane lokaci haɗarin mannewa, don haka a karon farko akan haɗa biyun.

Ginin mazubin yana farawa da jelkot, wato rezin mai kauri da launi wanda zai zama fuskar aiki. A shafa shi a jira har ya kai matakin da zai kama yatsa amma ba zai biyo shi ba. Yadin gilashi ba ya son kusurwa mai kaifi, yakan ɗaga ya bar iska a ƙarƙashinsa, saboda haka ake cike kusurwar da ke tsakanin samfuri da allo da rezin da aka kwaɓa da garin auduga ko yankakken zare. Sai yadi marar nauyi, sai masu nauyi hawa-hawa, har kaurin ya ninka na ɓawon da za a yi sau da yawa. Ba a zuba hawan duka a zama ɗaya, domin rezin na fitar da zafi yayin daskarewa, kuma zafin da ya taru yana iya murɗe mazubi ko ya narkar da soson da ke cikin samfuri. Bayan rabin farko ya yi tauri, a juya, a cire allon, a shafa kaki a leɓen da ya bayyana, a gina rabi na biyu a kansa, a huda ramukan ƙusoshin ɗauri kafin a buɗe. Buɗewar da 'yan tsinken roba ko na katako ake yi, ana cusa su a hankali zagaye da leɓe. Ƙarfe yana ƙarzar fuskar da aka sha wahala a kanta. Ba abin mamaki ba ne samfuri ya fito da rauni a wannan rana. Ya riga ya gama aikinsa.

Rezin iri biyu ne a wannan fage. Foliyesta ya fi arha, ana tayar da shi da kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari na wani sinadari mai suna MEKP, yana daskarewa da wuri, kuma shi ke tafiya da tabarmar yankakken zare, wadda sinadarin sitirin da ke cikinsa ke narkar da gam ɗinta har ta kwanta. Aibinsa uku: yana ƙanƙancewa sosai yayin daskarewa, yana da wari mai ƙarfi, kuma sitirin ɗin nan yana cinye soson folistirin nan take idan ya taɓa shi tsirara. Efoksi, dangin gam ɗin Araldite da aka sani a kasuwanninmu, ya fi tsada amma ƙanƙancewarsa kaɗan ce, ya fi kama zare, kuma ba ya taɓa soso. Sharaɗinsa shi ne awo. A foliyesta ƙarin sinadari yana ƙara sauri ne. A efoksi kuwa sinadarin daskararwa ɓangare ne na ginin kansa, don haka idan kamfani ya ce 100 da 40 a nauyi, to sai a ɗora kofi a kan sikeli, domin ƙari ko ragi yana barin abin da bai gama ƙullewa ba. Da yawa sukan yi mazubi da foliyesta don rage kuɗi su yi ɓawo da efoksi. Ga jirgi mai doguwar wutsiya siririya, mun fi ganin a yi duka da efoksi, saboda ƙanƙancewar foliyesta takan ja mazubi mai tsawo ya lanƙwashe.

Shi ɓawo, gaba ɗayan fasaharsa a rage nauyi take. Ana auna yadin gilashi da giram a kowace murabba'in mita, kuma a kasuwar Jamus, inda wannan sana'a ta yi ƙarfi, an saba da 25 da 49 da 80 da 163. Marar nauyi ake fara shimfiɗawa a fuskar mazubi saboda saƙarsa ba ta nunawa ta cikin fenti, mai nauyi ya biyo baya don ƙarfi. Saƙar da zare ke tsallake biyu ya nutse ƙarƙashin biyu ta fi saƙar ɗaya-bisa-ɗaya kwanciya a kan lanƙwasa, kuma yadin da aka yanka a karkace, zarensa na kwance a kusurwar digiri 45, ya fi bin siffa ya kuma fi jure murɗa, abin da wutsiya ke bukata. Ba a ƙara kauri ko'ina. Ana ƙara shi a bakin ƙofa, da inda ƙafafu za su zauna, da inda wutsiya ta haɗu da jiki. A aikin hannu, nauyin rezin yakan yi kusan daidai da na yadi, kuma duk abin da ya haura wannan kaya ne kawai jirgin zai ɗauka. Maƙeri yakan dangwala buroshi yana dannawa har farin yadin ya koma garai-garai, alamar ya sha, sannan ya tsotse duk inda ke ƙyalli da takarda. Idan rezin ya kai matakin da ya daina kama hannu amma bai yi tauri ba, sai a bi leɓen mazubi da wuƙa mai kaifi a yanke abin da ya yi saura. Wanda ya wuce wannan lokaci sai ya yi da zarto. Daga nan a rufe mazubi a ɗaure, a zura jiƙaƙƙen tef na gilashi ta ramin taga ko ƙofa, a danna shi a kan mahaɗa daga ciki da buroshin da aka ɗaura a sanda.

Fitowar ɓawo ba ta gama aiki ba. Tagogi ana yin su da farantin roba garai-garai da ake gasawa ya yi laushi a tsotse shi da iska a kan wani ƙaramin samfuri. Kayan ciki suna zama a kan haƙarƙarin filawud da aka liƙa a cikin ɓawo, kuma sandar farfela dole ta fito daidai inda ta fito a jirgin gaske. Ganga rufaffiya tana tara zafin motar lantarki da batir, tana kuma ƙara amon duk wata girgiza, shi ya sa ake buɗe ramukan iska na gaskiya a inda babban jirgin ke da su. Zaren kabon ya fi na gilashi ƙarfi, amma yana tare saƙon rediyo, alhali na gilashi yana barinsa ya wuce. Don haka ko an yi amfani da kabon, a 'yan wurare ake sa shi, nesa da eriya. Sai cibiyar nauyi, wato wurin da jirgi ke daidaita idan an rataye shi, wadda dole ta faɗo a ƙarƙashin sandar farfela. Wutsiya ta fi hanci nisa daga wannan sanda, saboda haka giram goma na fila ko fenti a ƙarshen jela na iya neman giram ashirin ko talatin na dalma a hanci. Wannan ne ya sa gwanaye ke rowar fenti a baya.

Mafi yawan abin da aka rubuta a kan wannan aiki daga ƙasashe masu sanyi ya fito, kuma duk wanda zai gwada shi a Kano ko Maraɗi sai ya gyara lissafi. Lokacin aiki da kamfani ke rubutawa a jikin gwangwanin rezin an auna shi ne a zafin digiri 20 zuwa 25. Ƙa'idar da masu aikin ke bi ita ce duk ƙarin digiri 10 yana rage lokacin da kusan rabi, don haka a watan Afrilu, da zafi ke kai 40, rezin na minti 40 zai iya kamawa kafin minti 15. Maganinsa a kwaɓa kaɗan-kaɗan a faranti mai faɗi, a yi aiki da sassafe. Ƙurar hunturu kuma tana sauka a kan kaki da jelkot ta bar tabo. Akwai kuma batun rana: efoksin da ya daskare a zafin ɗaki yakan fara laushi a wajen digiri 50 zuwa 60, zafin da ɓawo mai baƙin fenti zai kai idan an bar shi a fili ko a cikin mota. Saboda irin wannan dalili ne jiragen gaske marasa inji da aka gina da zaren gilashi kusan duk farare ne. Ana ɗaga wannan iyakar zafin efoksi ta hanyar gasa ɓawo a hankali na wasu awanni bayan ya daskare, gwargwadon umarnin mai rezin, kuma a cikin mazubi ake gasa shi don kada ya sauya siffa. Kariyar jiki kuwa ba ta da sassauci a ko'ina: ɗigon MEKP na iya makantar da ido, efoksi na jawo ƙaiƙayin fata da ba ya barin mutum idan ya kama shi, ƙurar gilashi kuma ba abin shaƙa ba ce. Safar hannu da tabarau da takunkumi da ɗaki mai iska suna cikin kayan aiki.

Akwai gajeriyar hanya da ta tsallake mazubi baki ɗaya: a sassaƙa soso, a lulluɓe shi da yadi da efoksi, a ƙwaƙule soson ko a narkar da shi, fatar da ta rage ta zama ganga. Tana da sauri, amma santsin yana ciki, kaushin yana waje, don haka sai an loda fila a jikin abin da zai tashi, kuma ganga ɗaya tak ake samu. Jirgi mai saukar ungulu kuwa abu ne mai faɗuwa, ko a hannun gwani. Mai mazubi idan ya fasa hanci, sai ya shafa kaki a yankin hanci kawai, ya shimfiɗa yadi, washegari ya ciro sabo ya dasa. Ɓawo na biyu yakan fi na farko sauƙin nauyi, domin tashi ya nuna inda aka yi kauri a banza, kuma mazubi guda kan zaga tsakanin 'yan ƙungiya, kowa ya ciro nasa ya yi masa fentin jirgin da yake so. Sharaɗin ɗorewar mazubi shi ne a wanke shi, a shafa masa kaki, a ajiye yankunansa a ɗaure da juna nesa da rana. Yankunan da aka jingine dabam-dabam sukan murɗe a hankali, kuma ɓawon da za a ciro bayan shekara zai fito da tudu a mahaɗa, gefe ɗaya ya ɗara ɗaya.